Sojan da na ci wa Malam

Tsohon hedimastanmu ne ya koya mini wasan ces, darar nan ta Turawa. Da ya yi ritaya ya koma gida Rano, ni kuma ina koyarwa a Kibiya. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a mutane suka fara yi wa allon kallon kayan caca, sai Malam ya ce mu riƙa bugawa ta wasiƙa. Kowa ya kafa allonsa a ɗaki, ya rubuta motsi ɗaya a takarda, wani direba mai jigila tsakanin garuruwan biyu ya kai ranar kasuwa.

Shi ke da fararen 'ya'yan wasan, don haka shi ya fara. Ya tura sojan gaban sarauniya, na tare shi da nawa. A wasiƙa ta biyu ya turo sojan gefensa, ya ajiye mini shi a baki. Tun ina ɗalibi yake gaya mini cewa mai buɗe wasa da irin wannan ba kyauta yake yi ba: in ka ci sojan, kada ka nace sai ka riƙe ribar. Na ci, na kuma nace. Sati bayan sati ina gadin soja ɗaya, shi yana fito da dawakansa. A wasiƙa ta goma sha ɗaya na ga sarauniyata ba ta da mafita.

Ban amsa ba. Na cusa takardar cikin akwati, na aika masa cewa saƙo bai iso ba. Ya sake rubutowa, na sake faɗin haka.

Malam ya tare direban a tasha, ya yi masa faɗa a gaban mutane, ya daina shiga motarsa. Direban ya same ni, bai ko ɗaga murya ba.

"Ai a hannunka na danƙa maka fa, a ƙofar makaranta."

Na ce ban tuna ba.

Sai bayan damina na iya zuwa Rano. Allon na nan bisa benci, an rufe shi da ƙyalle, komai yana inda muka bar shi. Na fito da takardun biyu na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Sarauniya ce kawai za ka rasa," in ji shi. "Da sai mu sake wani."

Ya kwashe 'ya'yan wasan ya zuba a jaka, ya sa takalmi, ya ce in raka shi tasha. A can ya russuna wa direban, sa'an ɗansa, yana neman gafara, ina tsaye a bayansa. Bai ambaci sunana ba. Bai kuma sake rubuto mini ba.