Tsohon Kaset ɗin Baba

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata a Talata Mafara, ba zan manta da ranar da Gwaggo ta zo kallon kaset a gidanmu ba. Yau shekaru sun ja, ina da 'ya'yana, amma in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.

Mahaifina manomin shinkafa ne, ba mai yawan magana ba. A talabijin ba abin da yake so irin tsofaffin shirye-shiryen nan da ake bin manoma da masunta da makiyaya ana nuna yadda suke rayuwa, wani mutum yana bayani a hankali kamar mai jin barci. Akwai kaset ɗin bidiyo guda da wani amininsa ya ɗaukar masa, na ƙauyukan bakin gulbi na wajen Maradun tun kafin a yi madatsar ruwa. Launinsa ya koɗe, muryar tana rawa. Duk sanda ya saka, sai ya ce, "Zo ki zamna ki gani." Ni kuwa sai in ce akwai wanke-wanke. Ban taɓa yin minti biyar a gabansa ba.

Abin da ya ɗauke mini hankali a lokacin shi ne wani shiri da ake tara samari da 'yan mata a gida ɗaya, kyamara na binsu, duk mako a kori mutum guda. Na san wa ke gaba da wa, wa ya ci amanar wa. Baba ya taɓa tsayawa a bakin ƙofa ya ɗan duba, ya ce, "Waɗanga sun san ana kallonsu, shi ya sa suke ta wannan rawar kai." Na ce a raina, tsufa dai.

Wata Talata ya tafi kasuwa, aka kawo wuta da hantsi, kuma za a maimaita korar da aka yi a makon. Ƙawata ta Bakura ba su da tauraron ɗan'adam, ta roƙe ni in ɗaukar mata. Na duba ko'ina ban sami kaset ba sai na Baba. An ɓalle ɗan haƙorin nan na gefensa don kada a ɗauki wani abu a kai, kuma wallahi na san dalilin ɓalle shi. Na samo salatif na liƙe ramin, na mayar da zaren farko, na danna maɓallin ɗauka. Da zan iya cewa kuskure ne, da na ji sauƙi. Ba kuskure ba ne, ganina dai shi ne masu sussukar shinkafa ba su kai a ajiye su ba. Ban ma kai wa ƙawar tawa ba, tsoro ya hana ni, na cire salatif na mayar da kaset ɗin inda yake.

Bayan kamar mako uku Gwaggo ta zo daga Tsibiri. Ita ce yayar Baba. Ta yi shekaru yanar ido ta hana ta gani, sai a wannan karon aka yi mata aiki, ta kwana biyu a wurinmu tana jinya. Ranar da aka cire mata bandeji, bayan la'asar, Baba ya shimfiɗa mata tabarma dab da talabijin. Ban taɓa ganinsa da zumuɗi irin na ranar ba, yana ta goge ƙurar kaset ɗin da bakin riga.

"Yaya, yau za ki ga Inna," in ji shi. "Shekara nawa ina aje miki."

Ina bakin ƙofa da kwanon fura a hannu, ina jin su. Inna ita ce mahaifiyarsu. Ta rasu kafin a haife ni, kuma ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ashe masu shirin sun same ta a masussuka tana sheƙa, ba ta ma kula da su ba. Abin da yake ta kirana in gani ke nan.

Ya danna. Sai ga wata budurwa tana kuka da ihu saboda an kore ta daga gida, ana ta kiɗa. Gwaggo ta matso da fuskarta, ta ce, "Wagga kuma ɗiyar wa ce?" Baba ya tura gaba, ya tsaya, ya sake turawa. Su ne dai. Bai juyo ya dube ni ba, kuma na fi son a ce ya mare ni.

Na durƙusa na ce, "Baba, ni ce." Ya ce, "Na sani." Ya ci gaba da turawa.

Can wajen ƙarshe, inda wuta ta ɗauke mini ranar, hoton ya yi tsalle, tsohon shirin ya dawo. An riga an wuce masussukar. Sai hanya tsakanin gonaki, da wasu mata uku sun ba da baya, kowace da ƙwarya a ka. Baba ya kai hannu zai kashe, Gwaggo ta riƙe shi.

"Tsaya. Ga ta nan, ta tsakiya. Ba ka ga yadda taka jan ƙafar hagu ba? Tun da ƙaya ta soke ta a fadama haka taka tafiya."

Baba ya zuba ido. Shekara da shekaru yana kallon kaset ɗin, fuskar kawai yake jira, bai taɓa lura cewa ita ce a wannan hanyar ba. Sau shida ana mayarwa. Gwaggo tana hawaye da sabon idonta, Baba yana ce mata likita ya hana, shi ma nasa na zuba. Daga baya ta juyo ta ce da ni, "Taho ki ga kakarki, ɗiyata." Na matsa na zauna. Bayanta kawai na gani, da ƙwarya, da wannan ƙafar, har ta shige cikin dawa.

Baba bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Na yi cigiyar wani kwafin shirin har na gaji, ban samu ba. Yau ko sunan budurwar da aka kora ban iya tunawa, alhali saboda ita na shafe fuskar kakata.

Tun daga ranar na koma kallon irin shirye-shiryen Baba, kuma ba don ladabtar da kaina ba, sonsu nake yi. Mutanen ciki ba su yi ado don ni ba, aikinsu suke yi, kuma kowannensu uwar wani ce ko uban wani. Abin da na koya shi ne, in babba ya ce zo ki zauna ki gani, a zauna, a kuma tambaye shi me yake gani a ciki. Ni da na zauna sau ɗaya tak, da yau na san kamannin matar da aka sa mini sunanta.