Saman Benen Sitti

A shekarar da nake karatun tarihin Amurka a jami'a ne mijin gwaggona ya cinye wa kakata saman bene.

Gidanmu na unguwar Bani Malik a Jidda kakana ne ya gina shi, kuma tun rasuwarsa saman benen ya zama na kakata, wadda muke kira Sitti. A can take shanya kuɓewa da barkono, a can tsofaffin matan unguwa ke taruwa bayan la'asar suna hira da Hausar da mu yara ba ma kama rabinta. Ni kuwa ina da lungu kusa da tankin ruwa inda nake karatu, don ba na son surutun ƙasa.

Mijin gwaggo yana da shagon na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Bagdadiyya, yana da tumbi da turare mai hawa kai. Sitti ba ta taɓa kallon fuskarsa ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. An haife ta a Jidda, amma kunyar suruki ta gada daga uwarta. In ya zo, sai ta juya gefe ta ja mayafi, ni ce ke kai magana tsakaninsu.

Farko kusurwa ɗaya ya roƙa, ya ajiye tsofaffin injina. Ya hau da kwalin dabino, ya tsaya a bakin matakala.

"Ya binti, 'yata, gaya wa Hajja daga nan zuwa tanki kawai. Wallahi ba zan wuce ba."

Sitti ta ce a hankali, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Duk wanda ya tashi a hannunta ya san ma'anar wannan: ba ta so. Shi ma ya sani. Ya tafa hannu ya ce, "Halas, shi ke nan, Hajja ta yarda."

A makon nan nake karanta yadda Turawan da suka kafa Amurka ke zama da shugabannin mutanen da suka tarar a ƙasar. Sai su zo da kyaututtuka, a shata iyaka, a ce daga wannan kogi ba za a ƙetare ba har abada. Kafin a jima baƙi sun ƙetare sun yi gonaki, sai a dawo a ce tunda an riga an zauna, a sake shata wata. In shugaba ya ƙi, a nemo wani daga danginsa ya sa hannu. Har ma suka sayi makeken yanki daga Faransa, ba wanda ya tambayi mutanen da ke kwana a cikinsa. Abin da ya fi ba ni ƙyama ba ƙwacen ba ne. Ladabin da suke yinsa da shi ne, da yadda suke so a gode musu.

Injinan suka wuce tanki. Aka kafa musu rumfa. Da Sitti ta yi shiru bai samu ko addu'ar da zai fassara ba, sai ya tura gwaggo ta amsa a madadinta, wai ai ita ma gidan ubanta ne.

Wata rana ya tarar da ni da littafin, ya karɓa ya jujjuya shi kamar mai duba kankana.

"Amurka? Mashallah. Waɗannan su ne maza. Sun ga fili zaune ba aikin komai, suka raya shi. Da sun tsaya kunya, da har yau daji ne."

"Da mutane a ciki, Ammi," na ce masa. Haka muke kiransa, wato baffa da Larabci.

"Mutane masu shanya kuɓewa," ya ce, ya yi dariya shi kaɗai.

Buƙatarsa ta ƙarshe ɗakuna ce, zai gina wa ma'aikatansa. Ya ce don lafiyar Hajja ne, matakala na wahalar da gwiwarta, ga baranda a bayan kicin mai inuwa ya gyara mata. Barandar ba ta ɗaukar tabarma biyu, kuma tana fuskantar bangon maƙwabta.

Sitti ta fuskanci bango, ta yi abin da ban taɓa ji ta yi ba. Ta ce, "Gaya masa a'a."

Na gaya masa, kalma ɗaya, ban ƙara ban rage ba.

Ya yi murmushi. "Hajja ba ta magana haka. Ke ce kika sa mata baki da karatunki. Yalla, maza sauka ki taya gwaggonki aiki."

Da Sitti ta tafi umara da ƙawayenta, ya kawo magina. Ta dawo ta tarar da bulo har kafaɗa, an sauko da faifayanta an jera a barandar, an ɗora mata kwalin dabino a kai. Da aka gama, samari baƙi suka tare, ba macen gidan da za ta sake hawa.

Tsofaffin suka zo sau ɗaya, suka takura a barandar gwiwa na gugar gwiwa, daga nan kowa ta riƙa aiko da gaisuwa. Shi kuwa ranar salla ya tsaya a tsakiyar falo yana gaya wa baƙi yadda ya hutar da surukarsa hawan bene. Ya juyo ya ce in tambayi Hajja ko barandar ta yi mata. Na ce masa tana barci. Tana zaune a bayana, tana tsinke barkono.