Ranar da Inna Ta Sa Rigar Farauta

A gidanmu na Tudun Wada, a Gombe, abu biyu ne mace ba ta taɓawa: rigar farautar Baba da karyarsa. Rigar saboda layun da aka ɗinke ta da su, wai hannun mace yana karya maganin mai ita duk inda yake. Karyar kuwa ba sai an gargaɗe mu ba, haƙoranta sun wadatar.

Baba maharbi ne, asalinsu daga wajen Katsina. Karnukansa gado ne tun daga kakansa, jajaye, dogaye, masu shafaffen ciki. Ba ya sayar da su, ba ya barin su haɗu da karnukan bola. Wata shekara cuta ta shigo ta share su, sai wannan karya ɗaya ta rage. Ni dai ban taɓa ƙaunarta ba. Ɗinki nake yi a ɗakin ƙofar gida, kuma mata da yawa sun kai atamfarsu wajen wani tela saboda sun leƙo sun ga idanunta. Amma ko ni da ke jin haushinta na san ba kamar sauran karnuka take ba.

Ba ta san igiya ba tun da aka haife ta. Idan Baba yana so ta zauna, sai ya shimfiɗa tsohuwar rigar farautarsa a ƙasa, ta kwanta a kai. Za ta iya tashi ta sha ruwa, ta zaga bayan rumfa, amma ba za ta yi nisa da rigar ba ko da zomo ya bi ta gaban hancinta. Wanda ya shimfiɗa shi ke ɗagawa, kuma mai shimfiɗawa a duniyar nan mutum ɗaya ne.

A shekarun da bam ke tashi a tashoshin mota, aka nemi mafarauta su shiga daji tare da sojoji, tunda su suka san hanyoyinsa. Baba yana cikin waɗanda suka amsa. Karyar na da tsohon ciki a lokacin, na wani jan karen farauta irinta da Baba ya nemo mata, don haka bai tafi da ita ba. Ya sa sabuwar rigarsa, ya shimfiɗa mata tsohuwar a rumfar bayan madafa, ya ce wa mahaifiyarmu, "Innarsu, ki riƙa zuba mata. Sai na dawo." Iyakar sallamar ke nan. Mu 'ya'yansa ko rabin haka ba mu samu ba.

Inna Bafulatana ce, 'yar makiyaya, mai tsabta har ta gundure ka. Shekarun aurenta duka ba ta taɓa bari jelar kare ta goge zaninta ba. Da ludayi mai dogon hannu take zuba wa karyar abinci a kasko, tana kau da kai. Haka ta yi ta yi safe da yamma, har karyar ta haihu a kan rigar. 'Yan kwikwiyon duk jajaye, sak uwarsu.

Ana cikin haka doka ta fito daga gwamnatin jiha. A rediyo muka fara ji, sannan mai unguwa ya zo da kansa. Kowane kare sai an yi masa allurar rigakafin hauka, an ɗaura masa abin wuya mai lamba. An hana yanke wa karnuka kunne. Duk karyar da ta haihu sai likitan dabbobi ya gan ta da 'ya'yanta. Bayan wa'adi, wanda aka samu ba lamba mota za ta kwashe shi, kuma kowa ya san kare ba ya dawowa daga wannan mota. Ban ga laifin dokar ba, don a bayan layinmu mahaukacin kare ya ciji wata mata ta rasu. Sai dai masu dokar ba su san da zaman rigar Baba ba.

Na je filin makarantar da likitocin suka zauna a Bolari, na roƙi a zo gida a yi mata. Wata matashiyar likita ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Anti, wallahi sori. Allurar a cikin ƙanƙara take, kuma an hana mu barin filin nan saboda tsaro. Ku dai kawo ta." Na dawo na kira wani tsohon abokin farautar Baba. Ya zo da igiya da ƙarfin gwiwa. Karyar ko haushi ba ta yi ba, leɓe kawai ta ɗaga. Ya naɗe igiyarsa ya ce mu yi haƙuri, shi ma yana da iyali.

Ranar ƙarshe ta wa'adin, Inna ta idar da sallar azahar, ta zauna a kan tabarma. Can sai ta ce in juye kayan wankin da ke cikin babban daro in kawo mata. Ta nufi rumfa, ba ludayi a hannunta. Nan take na gane abin da za ta yi.

Na ce, "Inna, maganinsa fa? Yana can gaban harsashi."

Ta ce, "Mai tsare shi yana can tare da shi, ba a cikin riga yake ba. Amma in ya dawo ya tarar babu ita, to ba babanku ne ya dawo ba."

Ta durƙusa a gaban karyar. Gurnanin da ya fito daga cikin dabbar nan har a ƙafata na ji shi. Inna ba ta ja da baya ba. Ta fara yi mata magana da Fulatanci, a hankali, da irin muryar da na ji mata suna lallashin saniya mai sabon ɗa idan za a tatse ta. Ta miƙa hannu ta bar shi a sarari. Karyar ta daɗe tana sansanar hannun nan da ya ciyar da ita daga nesa tun tafiyar Baba. Gurnanin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu. Inna ta ɗauki 'yan kwikwiyon ɗaya bayan ɗaya ta sa a daro, ta kama bakin rigar ta ja. Karyar ta miƙe ta sakar mata rigar.

Sai ta zura rigar a kan hijabinta. Ta sauko mata har gwiwa, layu suna ta kaɗawa. Ta ce in ɗauki daron, in rufe shi da zani saboda rana. Ba mai keke napep ɗin da zai ɗauki kare, saboda haka da ƙafa muka kama hanya. Inna a gaba, karyar a gefen ƙafarta ta hagu inda take bin Baba, ni a baya da daro a ka.

Ban taɓa jin Tudun Wada ta yi shiru irin na ranar ba. Teloli suka tsayar da keken ɗinki. Mai suyar awara ta bar ta tana ƙonewa. Majalisar direbobin da ba mai wucewa ba su tanka masa ba, suka bi mu da ido kawai. Inna ba ta dubi kowa ba. Matar da ko kasuwa ba ta zuwa sai ta aike ni, ga ta a tsakiyar titi tana tafiya kamar ita ta shimfiɗa kwaltar. Ina bayanta ina kallon layun suna rawa a kafaɗunta, ina jin tsoronta da alfahari da ita a lokaci guda.

Kafin a shiga Bolari akwai shingen sojoji. A wancan zamani mace mai hijabi ɗauke da rufaffen kaya ba abin wasa ba ce, balle ga wata sanye da abubuwa a ƙirji. Tun daga nesa soja ya ɗaga bindiga daga bayan buhunan yashi.

"Mama, tsaya nan! Ke, ajiye kaya! Buɗe!"

Inna ta tsaya, karyar ta tsaya. Na sauke daron, na yaye zanin. Kawuna jajaye suka ɓullo suna ƙifta ido, ɗaya har da hamma. Sojan ya kalle su, ya kalli rigar. Da alama ya san irinta, don ya sauke bindigar ya tambaya, "Maigida yana daji?" Inna ta gyaɗa kai. Ya janye katakon shingen da kansa, ya ƙame ya sara mata.

A filin, mafarauta sun cika da karnukansu, kowa riƙe da igiya, ana ta haushi da ja-in-ja. Da muka shiga sai hayaniyar ta fara mutuwa daga bakin ƙofa. Duk sun san rigar, duk sun san karyar, kuma duk sun san abin da ake faɗa game da hannun mace. Na jira wani ya daka mana tsawa. Sai wani dattijo mai farin gemu, shugabansu, ya tashi daga kan benci ya ce a buɗe hanya. Layi ya dare biyu.

Likitar ta ce sai an ɗaure ta kafin allura. Inna ta cire rigar ta shimfiɗa a ƙasa, karyar ta kwanta. Ta dafa kanta da tafin hannu, ta ce, "Yi aikinki, 'yata." Allura ta shiga ta fita, ko kunne karyar ba ta motsa ba. Aka duba 'ya'yan, aka ɗaura mata abin wuya. Muka dawo gida kafin la'asar ta yi sanyi. Inna ta mayar da rigar rumfa ta shimfiɗa, sannan ta wanke hannu da toka da sabulu har fatar ta yi fari.

Daga nan zaman jira ya koma mana wani abu dabam. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai Inna ta daina abin da take yi. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, amma sujadarta ta ƙara tsawo.

Baba ya dawo bayan damina, da hantsi, a rame, hannunsa na dama rataye a wuya. Harsashi ya farfasa ƙashin, kuma hannun bai sake riƙe bindiga ba. Tun kafin ya iso ƙofar gida an riga an kai masa labari, har da masu rantsuwar cewa ranar da Inna ta taɓa rigar aka harbe shi. Ya amsa gaisuwarmu a tsaye, ya wuce rumfa. Muka bi shi.

'Yan kwikwiyon sun tasa, suka yo kansa suna tsalle, kunnuwansu a cike ba yanka. Uwar tana kan riga. Ta gan shi. Jikinta duka ya ɗauki rawa, jelarta na dukan ƙasa, tana wani kuka ƙasa-ƙasa kamar zai tsaga ta. Amma ba ta tashi ba. Ta dube shi, ta juya ta dubi Inna.

Baba ya daɗe yana kallon abin wuyan. Bai juyo ba ya ce, "Wa ya shimfiɗa mata?"

Inna ta ce, "Ni ce."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Ya matsa gefe ya ba ta hanya, ya ce, "To, Innarsu, ɗaga mata. Ina so ta zo wurina."