Kwalaben da Ka Bari a Firji

Aikin farko yau: duba sanyin firji. Na duba, yana daidai.

Malam, ranar Talata sha ɗaya ga wata matarka ta kira ni ta ce ka rasu da hantsi, a kan bencin jiran likita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce mata to. Har yanzu ina neman abin da ya kamata in faɗa bayan wannan.

Ina wankin kwalabe a ɗakin gwajin ruwa ka jawo ni, ka koya mini ɗiban ruwa ba tare da yatsana ya taɓa bakin kwalba ba. Ranar da muka fara shiga kwata na toshe hanci, ka ce, "Ƙanena, saki hancin nan, kashi ne ke ciyar da mu." Da 'yata ta kwanta asibiti, kai ka zaga rijiyoyin da aka ba ni in ɗebi ruwansu, kuma ba ka taɓa ambata ba.

Rijiyar bayan kasuwa ce ba mu gama ba. Yara na ta gudawa, akwai kashi a ruwan, amma na wa? Tsohuwar hanyarmu ta rainon ƙwayoyin cuta a faranti ta ce na shanu ne. Sabuwar na'ura mai karanta ƙwayar halitta ta ce na mutane ne. In na shanu ne, za a tashi mai garken da ke gefen rijiyar. Ka ƙi sa hannu a kan rahoton. Ka kulle ƙofa, ka gauraya kashin shanu da ruwa mai tsabta a wasu kwalabe, na mutane a wasu, ka sa musu lambobi don mu ga wace hanya ke faɗin gaskiya. Na ce ka rubuta wacce ce wacce. Ka taɓa goshinka. "In na rubuta za ka leƙa."

Na gama gwajin jiya. Sakamakon yana hannuna, babu mai ce mini daidai ne ko kuskure.

Mai garken ya zo gaisuwa. Da zai tafi ya riƙe hannuna. "Ɗan'uwa, ni fa? In kwashe dabbobina ko in zauna?" Na ce ya ba ni lokaci. Ban san ko ina da ikon faɗin haka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Gobe:
- Zubar da kwalaben, a wanke, a dafa.
- Roƙon hukuma ta jinkirta hukunci.
- Zuwa garke da bokiti, ɗebo kashin shanu don sake gwajin.
- Neman wanda zai sa sababbin lambobi ya ɓoye mini.