Likitar da ta hana ni amsa wa ɗana

Ranar Talata, sha huɗu ga wannan wata, da hantsi, ina goge ƙafar teburi a shagona matar ɗana ta shigo ta ce Likita ta rasu. Kwana tara ta yi a kwance. Na ajiye abin da ke hannuna na zauna. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa muka nufa, amma Likita, ban zaci za ki riga ni ba.

Ni kafinta ne, ban yi makaranta ba. Tela maƙwabcina ke rubuta wannan, na kuma ce kada ya gyara mini magana.

Ɗana Dogo direban motar haya ne. Shekara shida da suka wuce wani abu ya shige shi. Da taya ta faɗa rami, sai zuciyarsa ta ce mutum ya taka. Ya tsaya, ya sauke fasinja, ya koma da ƙafa yana leƙa kwata. Ya dawo, ya sake komawa. Mai motar ya karɓe makulli. Kullum sai ya zo shago ya ce, "Baba, ka tabbata ban buge kowa ba?" In ce na tabbata. Wata rana na ƙirga, sau arba'in da ɗaya. Har hanyar nake bi tare da shi, ina nuna masa ba jini, ba taron jama'a. Ina ganin taimakonsa nake yi.

Daga baya muka kai shi asibiti, aka tura mu wurinki. Ofishinki na hawa na biyu, kujeru uku, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Kujerar da kika ba ni tana rawa. Na ce zan zo da guduma. Kika ce, "Bar ta, Baba. Nan wurin koyon zama da abin da bai yi daɗi ba ne."

Kika ce ciwo ne sananne, waswasi mai tilasta mutum maimaita abu, kuma yana da magani. Kuka jera abubuwan da yake tsoro, daga ƙarami zuwa babba. Zai fuskance su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi komawa dubawa, ya jira tsoron ya sauka da kansa. Sannan kika juyo kaina kika ce in daina ba shi amsa, domin kowace amsa abinci ce ga ciwon.

Na ce, "'Yar nan, kin haihu?"

Kika ce, "Biyu."

Na ce, "To ki bari su yi kuka a gabanki ki yi shiru, sannan ki koya mini."

Na fita. Wata biyu ina amsa masa a ɓoye. Da na koma, ko gaisuwa ba mu gama ba kika ce, "Baba, wa ke ciyar da ciwon nan a gida?" Na ce ni ba na ƙarya, na san bai buge kowa ba, ba zan ce ban sani ba. Ba ki ja da ni ba. Kika ce to in ce, "Wannan tambayar ciwon ce, ba taka ba, ba zan amsa mata ba." Wannan na yarda, don gaskiya ce.

Ban manta ranar da kika shiga motar aro ba. Kina gaba, ina baya. Kika sa shi ya bi titi mai ramuka da gangan. Taya ta faɗa, gumi ya jiƙa rigarsa, ƙafarsa na neman birki. Kika ce, "Tsoron ya kai nawa cikin goma?" Ya ce tara. Kika ce, "Ci gaba." A gefen kasuwa muka zauna minti arba'in har ya ce huɗu. Ni na ƙi kallonki, don idona ya cika.

Bara ya koma aiki. Zama uku ya rage muku. Ban taɓa ce miki na gode ba, sai dai in ce "an yi ƙoƙari". Taurin kai ne, ba wani abu ba.

Jiya da la'asar Dogo ya zo shago da tambayar nan, karo na farko cikin wata goma sha ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu ya ce, "Baba, sau ɗaya kawai. Ka ce mini ban taka kowa ba." Na faɗa masa abin da kika koya mini. Ya ce, "Ita ai ta tafi, wa zai sani?" Na ce ni zan sani. Ya yi kuka kamar yaro, ya fita. Ban bi shi ba. Ban san ko gida ya nufa ko titi ba, kuma na hana matarsa ta tambaye shi. Asibiti sun ce za su haɗa shi da wani likitan nan da mako biyar. Mako biyar ɗin nan ni kaɗai ne, ga tsufa, ga zuciya mai son ta amsa.

Allah Ya jiƙan ki, Likita, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da mahaifiyarki da abokan aikinki. 'Ya'yanki biyu, Allah Ya raya su, Ya ba su wanda zai tsaya musu yadda kika tsaya wa nawa. Ni kuma Ya riƙe mini bakina har Dogo ya samu wanda zai karɓe shi.