Ranar da Baffa Ya Ce Bai Sani Ba

Shekara goma sha bakwai mutum ɗaya ne yake taɓa mini mota. Bafulatani ne ɗan cikin Yola, garejinsa kuma yana unguwar Jambutu a Jimeta, a gindin wata bishiyar maina, ba nisa da gidana. Baffa nake ce masa, shi kuma Ticha yake ce mini, don ina koyarwa a wata sakandare a Yola. Ni Kirista ne daga kudancin jihar, amma lokacin da aka haifi ɗiyata ta fari, shi ya fara zuwa barka da ƙwaryar nono.

Yadda yake aiki shi ne ya ce in tayar da mota, ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. In ya buɗe, sai ya faɗi ciwon. Da wuya ya yi kuskure.

Da man fetur ya yi tsada, tsohuwar motata ta zama mini nauyi. Kullum daga Jimeta zuwa Yola da dawowa, tana shan mai kamar ba gobe. Wani abokin aikina ya ba ni labarin wata malamar jami'a a Sangere da ta yi ritaya, za ta koma garinsu, tana son sayar da ƙaramar jif ɗinta. Ya ce irin mai haɗin batir da fetur ce, wadda ake kira haibirid, ba ta cin mai sosai. Ban taɓa sayen mota ba Baffa bai gani ba, don haka ranar Asabar na ɗauke shi muka haye gadar kogin Binuwai.

Matar ta karɓe mu da ruwan sanyi. Motar fara ce, ta ɗan sha rana, akwai karce a ƙofar baya, wanda ta ce jikanta ne da keke. Baffa ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya girgiza tayoyi, ya ce ƙafafunta lafiya. Daga nan ya buɗe bonet ya ce a tayar.

Matar ta danna wani maɓalli. Fitilu suka kama a gaban sitiyari, amma ba wani ƙara. Baffa ya jira, ya sake cewa a tayar.

"Ai ta tashi, Baba," in ji ta.

Ya ɗora sukudirebarsa duk da haka, ya kanga kunne. Na ga ya daɗe a haka. Da ya miƙa hannu wajen wasu wayoyi masu kauri, masu launin ruwan lemo, sai matar ta yi saurin cewa kar ya taɓa, wuta ce mai ƙarfi a cikinsu. Ya janye hannun a hankali, ya goge a rigarsa.

Ya ja ni gefe, ƙarƙashin mangwaro. Na ɗauka zai ce kar in saya, don na san masu gyara da yawa da suke ɓata sunan duk motar da ba su iya ba.

"Ticha," ya ce, "jikinta da kyau. Cikinta kuwa ban sani ba. In na ce maka na sani, na cuce ka. Ka kai ta wurin masu kwamfuta."

Haka aka yi. Ranar Litinin matar ta ba ni makulli, na kai motar wani gareji a Jimeta, suka jona mata na'ura, suka ce batirin yana da sauran ƙarfi. Kafin mako ya ƙare ta zama tawa.

Abin da na yi bayan nan ne har yau ba na jin daɗin tunawa. Na daina bi ta gaban garejin Baffa. Hanyata ce ta kullum, amma sai in zagaya ta bayan kasuwa. Ina gaya wa kaina wai don kar in tuna masa abin da ya faru a Sangere ne. Gaskiyar ita ce ni ne nake jin nauyi, kamar na yi sabon aboki na yar da tsoho. Matata ta lura, ta ce mutumin da bai ji kunyar faɗin gaskiya ba, ba ni da dalilin jin kunya a madadinsa. Na ji maganar, amma sai da na ƙara wata biyu ina zagaye.

Shi ne ya zo. Wata Lahadi da muka dawo daga coci na same shi zaune a dakalin ƙofar gida, da farar riga da hula. Bai yi mini ƙorafi ba. Ya ce an yi wa wani tsohon abokinsa rasuwa a Girei, yana so in kai shi gaisuwa, kuma a sabuwar motar yake son zuwa.

A hanya ya yi ta kallon allon da ke nuna lokacin da injin ya karɓa da lokacin da batir ya karɓa. Ya tambaye ni abubuwa da yawa, wasu na amsa, wasu ni ma ban sani ba. A kan gada ya sauke gilashi ya dubi Binuwai, ruwan ya ja baya, masu lambu sun bi bakin yashi. Ya ce mini kwanan nan keke napep ya fi gyarawa, don tsofaffin motocin da ya sani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗi haka ne ba da baƙin ciki ba, kamar mai ba da labarin damina.

A gidan rasuwar na zauna a bakin tabarma, su suna addu'a da Fillanci da Larabci, ni ina tawa a zuci. Da muka dawo ya ce in tsaya a bakin gada, ya sayi kifi ƙulli biyu, ya miƙo mini ɗaya ya ce in kai wa uwar yara.