Hayaƙin Wasu a Ƙirjina

Ina cikin miƙa wa wani ɗan acaɓa ruwan leda tari ya sarƙe ni. Na toshe baki da gefen hijabina, da na sauke sai ga jini. Ɗigo biyu ne kawai. Na san wannan jan. Shi na yi ta wankewa daga hankicin Baba wata bakwai kafin ciwon dajin huhu ya tafi da shi.

Baba ya sha taba tun kafin a haife ni. Da ya rasu, ni na gaji zaman shagonsa a unguwar Tunga, tunda na gama sakandare ban wuce ba. Ban taɓa sa karan taba a bakina ba. Sai dai shagon yana da tsarinsa: laitar kunna taba ɗaya ce, ɗaure da igiya a jikin kanta don kar a tafi da ita. Duk wanda ya sayi kara dole a nan zai kunna. In ya kunna kuwa, ga rumfa ga benci, ina za shi cikin ranar Minna? Sai su zauna su biyar su shida, hayaƙin yana shigowa ta tagar da nake miƙa kaya, ba shi da ta inda zai fita. Shekara biyu ina haka.

"'Yar Baba, lafiya?" in ji ɗan acaɓan. "Ko ke ma kin fara ja a ɓoye ne?"

Na kan benci suka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta rufe min baki kwana tara. Wa zai yarda ba sha nake ba? Abinci ya fita raina. Ko sallah nake, sauraron numfashina nake yi, ina jiran in ji ƙarar nan irin ta Baba.

Mama ce ta kama ni ina wanke hijabin a bayan ɗaki. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi ruwan bokitin, ta ce, "Ɗauko mayafina." Har muka isa asibiti a keke napep hannuna na cikin nata.

Likita ya ce, "Kina shan taba?"

Mama ta zabura. "Haba likita, 'ya mace ce fa!"

Na ba shi labarin shagon. Ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, huhu ba ya tambayar wa ya riƙe karan."

Aka ɗauki hoton ƙirjina, aka karɓi majinata a ɗan kwalba, aka ce mu dawo bayan kwana uku. Ban san yadda kwanakin suka wuce ba. Na dai tuna na raba wa ƙannena atamfofina a zuci.

Ranar Alhamis da hantsi likitan ya ɗaga hoton a haske, ya daɗe yana kallo. Na riƙe bakin kujera.

"Babu daji, babu tarin tibi," ya ce. "Hanyar iskarki ce ta kumbura, tari ya tsage ta. Za ta warke in kin sha magani kin bar hayaƙin nan. Amma fa ki bar shi."

Mama ta yi ta hamdala. Ni kuwa na ce, "Likita, don Allah sake dubawa."

Ya sake ɗagawa, ya ce, "Na duba, Malama. Lafiyarki lau."